Kati a Gombe, mutum a kara: yadda tarin fuka ke cin 'yan uwanmu masu shan maganin HIV



Ni ɗan mai fataucin shanu ne. A Gombe aka haife ni, tun ina sakandare nake bin Baba zuwa Tike idan an yi hutu, daga baya na fara rako kaya Ikko da Badun. Ni ba likita ba ne, ko jami'a ban shiga ba. Wani rashi da muka yi ne ya sa na riƙa bin ma'aikatan lafiya da tambaya, ina kuma karanta abin da na iya karantawa, shi ne na ce bari in kawo muku abin da na fahimta.

Akwai wani bawan Allah da ya daɗe yana aiki da Baba. Ba zan faɗi sunansa ba, shi ma abin da ya roƙa ke nan. Ashe yana ɗauke da HIV shekara da shekaru, ba wanda ya sani sai shi da asibitin da ya yanki kati a Gombe. Yana shan maganinsa, jikinsa garau, ya yi aure, ya haifi yara lafiyayyu. Sai Baba ya zaunar da shi a kara a Legas, yana tsare kaya yana karɓo bashi wajen mahauta. Katinsa kuwa yana Gombe. Da farko duk bayan 'yan watanni sai ya ƙirƙiro dalilin zuwa gida, ya karɓo magani a ɓoye ya dawo. Da kuɗin mota ya tashi, zuwa gida ya yi wuya, sai ya fara ja wa maganin rai: yau ya sha, gobe ya tsallake, don kwalbar ta kai shi Sallah.

Sai tari ya fara. Muka ce ƙurar kara ce da hayaƙin babbaka. Ya je kemis aka ba shi maganin tari na ruwa, aka ƙara da na maleriya, aka ƙara da na taifot. Wajen wata huɗu ana haka, mutum yana ramewa, wandonsa na zamewa, da dare gumi ya jiƙa tabarma. Ranar da muka sa shi a gaban tirela muka kawo shi Gombe, sai da aka riƙe shi ya sauka. Gwaji ya nuna tarin fuka ne, kuma ƙwayar HIV ta cika jininsa kamar bai taɓa shan magani ba. Bai yi wata guda a gadon asibiti ba Allah Ya karɓi abinsa. Shi da bakinsa ya gaya wa Baba gaskiya, ya ce a kai matarsa da yaran gwaji, kuma a faɗa wa mutane labarin amma kar a kama suna. Allah Ya jiƙansa.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan mun yarda. Amma akwai sababi, kuma a wannan karon sababin hanya ce mai tsawon sama da kilomita 1,000 tsakanin mutum da katinsa.

Me ake nufi da magani ya daina aiki

Yawancin masu shan maganin HIV a Najeriya yanzu ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda ake kira TLD. Magani uku ne a cikinta: tenofovir, lamivudine da dolutegravir. Ba ya kashe cutar gaba ɗaya, danne ta yake yi har ta kai inji ma ba ya ganinta a jini. Mutumin da ya kai wannan matsayi ya kuma tsaya a kai, ba ya shafa wa matarsa ta hanyar kwanciya, kuma sojojin jininsa, waɗanda asibiti ke kira CD4, sukan farfaɗo.

Hanyar sanin ko maganin yana aiki ita ce gwajin yawan ƙwayar cutar a jini, wanda za ka ji ma'aikata suna cewa bairal lod. Ana yin sa wata shida bayan fara magani, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce: idan sakamako ya haura 1,000 a kowane mililita na jini, a zauna da mutum a gano abin da ke hana shi shan magani daidai, a sake gwaji bayan wata uku. In har yanzu yana sama da 1,000, to maganin ya gaza a jikinsa, sai likita ya duba batun canza masa zuwa layi na biyu.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, magani yana iya daina aiki mutum bai ji komai ba. Watanni za su wuce yana cin tuwonsa yana ciniki, alhali ƙwayar tana ninkuwa, sojojin jini suna raguwa. Sau da yawa laifin ba na maganin ba ne, tsallake-tsallaken sha ne. Amma in aka daɗe ana haka, ƙwayar takan saba da maganin ta daina jin sa. Dolutegravir yana da ƙarfi, ba ya saurin faɗuwa, amma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna an fara samun ƙwayar da ta bijire masa, musamman a jikin waɗanda suka daɗe suna shan magani da gargada.

Inda tarin fuka ke shigowa

Mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar tarin fuka a kwance a huhunsu ba su sani ba, garkuwar jiki ta tsare ta. Da zarar garkuwar ta yi rauni sai ta tashi. Shi ya sa mai HIV ya fi wanda ba shi da ita haɗarin kamuwa da tarin fuka ninki sama da goma, kuma tarin fuka ne kan gaba wajen kashe masu HIV a duniya. A 2023 tarin fuka ya kashe mutum miliyan 1.25 a duniya, 161,000 daga cikinsu masu HIV ne. Najeriya ce ta ɗaya a Afirka, ta shida a duniya wajen yawan masu cutar. A 2023 ɗin an ƙiyasta kusan rabin miliyan sun kamu a ƙasar nan, waɗanda aka gano aka rubuta sun ɗan haura 360,000. Sauran suna nan cikinmu suna tari, a kasuwa, a tasha, a ɗakin kwana.

Ba kowane tarin fuka ne ke nufin maganin HIV ya gaza ba. Wani a watannin farko na fara magani yake fito masa, wani kuma maganinsa na aiki daidai amma ya shaƙa daga abokin kwana. Sai dai wanda ya wuce wata shida yana shan magani sannan tarin fuka ya bayyana, dole a duba jininsa a ga ko maganin yana aiki. In aka yi maganin tarin kaɗai aka bar ƙwayar HIV tana ninkuwa, an kashe maciji ba a sare kansa ba.

Akwai kuma wata matsala. Idan sojojin jini suka faɗi ƙasa da 200, tarin fuka yakan canza kama. Wani ba zai yi tari sosai ba, wani kakinsa ba zai nuna komai ba. Cutar takan koma kaluluwar wuya, ko ciki, ko ƙashin baya, ko ƙwaƙwalwa. Don irin waɗannan ne aka fito da gwajin fitsari da ake kira LAM, wanda ke ba da sakamako cikin ƙasa da awa ɗaya. Shi kuma injin GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2010, yana duba kaki cikin kamar awa biyu, har ya faɗi ko ƙwayar tana jin rifampicin, babban maganin tarin fuka, ko ba ta ji.

Me ya sa abin ya fi shafar mu

Binciken ƙasa da aka yi a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a Maris 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da HIV, kimanin mutum miliyan 1.9 ke nan a ƙasa baki ɗaya. Arewa maso gabas, inda Gombe take, kashi 1.1 ne. Arewa maso yamma 0.6. Kudu maso gabas 1.9, kudu maso kudu kuwa 3.1. Wato da yawanmu muna zaune ne a inda cutar ta fi yawa, shekara guda ba iyali a kusa. Wannan ba zagi ba ne, lissafi ne, kuma kowa ya san halin zaman bariki.

Gombe gari ne da mutane ke zuwa neman magani daga nesa. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke hanyar Ashaka yana karɓar marasa lafiya daga Bauchi, Yobe, Borno, Adamawa da Taraba. Ga Asibitin Ƙwararru na jiha a Jekadafari, ga asibitin Zambuk a ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba da aka daɗe da sani da jinyar tarin fuka, ga hukumar GomSACA mai kula da yaƙi da cutar a jiha. Magani yana nan, kuma kyauta ne. To amma ɗan kasuwar da ke Oko-Oba ko Mile 12, ko Akinyele, ko Lokpanta, ko Fatakwal, me wannan zai amfana masa ranar da kwalbarsa ta ƙare?

Dalilin da ya sa mutum ke barin katinsa a gida, kunya ce da tsoro. A zango kowa ya san kowa. In aka gan ka a layin wancan ɓangaren na asibiti da safe, kafin la'asar labari ya kai majalisa, kafin sati ya kai ƙauyenku. Ga matsalar harshe: wani ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarbanci ko Ibo, yana tsoron a yi masa tsawa a gaban mutane. Sai ya gwammace ya yi tafiyar kwana biyu ya ga ma'aikacin da zai ce masa sannu da Hausa.

Wannan dabarar tana tafiya ne muddin hanya na da sauƙi. Mun ga yadda aka rufe iyakokin jihohi a 2020 lokacin korona. Mun ga yadda aka tsayar da lodin shanu da kayan abinci zuwa kudu a Fabrairun 2021 bayan rikicin Shasha. Mun ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Sannan ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, daga baya a 2024 ta haura 1,000. Duk lokacin da irin wannan ta faru, akwai wanda ranar karɓar maganinsa ta wuce yana kurmi, kuma ba zai iya gaya wa kowa dalilin damuwarsa ba.

Ƙari a kan haka, dubi yadda muke kwana. Mutum takwas, goma, a shago ɗaya ko rumfar kwano, taga a toshe saboda sauro da ɓarayi. Tarin fuka ta iska yake yaɗuwa, ba ta kwanon abinci ko musabaha ba. Mutum ɗaya mai tari a irin wannan ɗaki ya isa ya raba wa kowa, mai HIV da marar ita. Don haka ko kai lafiyarka ƙalau, maganar nan ta shafe ka. Mu masu harkar shanu kuma muna da namu ƙarin: shanu ma suna yin tarin fuka, kuma yana kama mutum ta ɗanyen nono da ba a tafasa ba, ko wajen fiɗa. Duk mahaucin da ya taɓa buɗe huhun saniya ya ga ƙulle-ƙullen nan masu ruwan ɗorawa ya san abin da nake faɗa.

Tallafin Amurka da abin da ya biyo baya

Shekara ashirin da wani abu, babban kaso na kuɗin maganin HIV a Najeriya daga waje yake zuwa, musamman shirin PEPFAR na Amurka da aka kafa a 2003, da kuma asusun Global Fund. Ranar 20 ga Janairu 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90. Daga baya an sassauta wa magungunan ceton rai, amma hukumar USAID da ke ɗaukar nauyin ayyukan tarin fuka da HIV da yawa, an rufe ta a Yulin 2025. A Fabrairun 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen kunshin maganin HIV 150,000, kamar yadda Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar, Majalisar Dokoki kuma ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don cike giɓi.

An yi ƙoƙari, amma ku lura da wani abu. Sayen ƙwaya daban, riƙe mutum a kan magani daban. Mai kiran waya ya ce malam ranarka ta wuce, mai babur da ke kai jini da kaki ɗakin gwaji, mai shigar da sakamako a kwamfuta, da yawansu da kuɗin tallafi ake biyan su. In kuɗi ya ragu, irin waɗannan ayyukan ne ke fara girgiza. Kuma su ne ke gano wanda maganinsa ya fara gazawa tun kafin tari ya zo. Mutumin da ke zaune kusa da asibitinsa zai iya komawa gobe ya tambayi sakamako. Wanda ke kara fa? Shi ne na farkon ɓacewa daga littafi. Ra'ayina shi ne, kada mu zauna jiran a kira mu. Zamanin da asibiti ke bin mutum har gida yana ja da baya, yanzu mutum ne zai bi lafiyarsa.

Abin da mai shan magani zai yi

Na farko, ka koma asibitinka ka nemi takardar canjin asibiti zuwa garin da kake zaune. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba ce. In kana tsoron idon sani, ba dole ne ka zaɓi na kusa da zango ba. Mazaunin Agege zai iya zuwa Yaba, inda akwai Asibitin Mainland da cibiyar bincike ta NIMR, ko LUTH a Idi-Araba. A Badun akwai UCH da asibitin ƙirji na Jericho. A Fatakwal akwai asibitin koyarwa na jami'a. In kuma kai mai kai-komo ne, ka faɗa wa ma'aikaci gaskiyar sana'arka. Wanda jininsa ya nuna cutar a danne, ana iya ba shi maganin wata uku har zuwa shida a lokaci ɗaya. In magani ya yanke maka a hanya, ka shiga asibitin gwamnati mafi kusa da katinka ko kwalbar, ka yi bayani.

Na biyu, ka san lambarka. Kar ka bar asibiti ba ka tambayi yaushe aka yi maka gwajin jini na ƙarshe ba, kuma nawa ya nuna.

Na uku, alamu huɗu: tari, zazzaɓi, rama, gumin dare. Ga mai HIV ko ɗaya daga ciki ya isa a je gwaji, ba sai an jira sati biyu ba. Ga sauran jama'a, tarin da ya kai sati biyu ya wuce aikin kemis. Gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma akwai layin kira kyauta, 3340, da za a gaya maka cibiya mafi kusa da kai.

Na huɗu, kuma wannan yana da muhimmanci ƙwarai: kar ka ɓoye wa mai ba ka maganin tarin fuka cewa kana shan na HIV. Rifampicin yana sa hanta ta yi saurin narkar da dolutegravir, don haka ana ƙara wa mutum wata ƙwayar dolutegravir mai miligiram 50, awa goma sha biyu bayan ta farko, har sati biyu bayan ya gama maganin tarin. Wanda ke kan layi na biyu ma wani maganin nasa ba ya haɗuwa da rifampicin sam, sai likita ya canza tsari. Ka ga wanda ya karɓi maganin tari a Legas, na HIV a Gombe, kowane ɓangare bai san da ɗayan ba, da hannunsa zai karya maganinsa. Haka maganin ulsa na ruwa da ƙwayar ƙarin jini, suna hana dolutegravir shiga jiki in an sha su tare, sai a tambayi tazarar da za a bari.

Na biyar, maganin tarin fuka wata shida ne: wata biyu na magani huɗu, wata huɗu na magani biyu. Fitsari zai yi ja, ba jini ba ne, aikin rifampicin ne. Bayan 'yan makonni za ka ji sauƙi, a nan ne mutane ke ajiyewa su koma kasuwa, sai cutar ta dawo ba ta jin magani. Mai HIV da aka duba ba shi da tarin fuka kuma, akwai maganin rigakafi da ya kamata a ba shi, na wata shida kullum ko na wata uku sau ɗaya a sati. In ba a ba ka ba, ka tambaya.

Abin da ya rage wa shugabanninmu

Sarakunan Hausawa, sarakunan fawa, shugabannin kara da na 'yan tirela, ku ne gwamnati ke nema in ana son haraji ko ƙuri'a. Ku ma ku nemi ofishin tarin fuka na ƙaramar hukumarku a kawo gwaji cikin kasuwa, a yi wa kowa, daga Alhaji har yaron da ke ba shanu ruwa, don kada a nuna wani da yatsa. Ku nemi a sa mai jin Hausa a asibitocin da ke kusa da zango, ko ku ba da amintaccen mutum mai riƙe sirri ya riƙa yin tafinta. Iyayen gida irin su Baba, in yaronka ya ce zai je asibiti, ka ba shi kuɗin mota ba tare da tambayar me ke damunsa ba. Tun 2014 akwai dokar tarayya da ta hana korar mutum daga aiki ko wulaƙanta shi saboda HIV, amma ni a ganina tsegumin majalisa ya fi rashin doka kashe mutane.

Gwamnatin Gombe da na jihohin kudu kuma, ya kamata su gane cewa akwai dubban mutane da rayuwarsu rabi can ce rabi nan. Tsarin da aka yi don mai zama wuri ɗaya ba zai riƙe ɗan tirela ba.

Matar mamacin da yaransa an kai su gwaji kamar yadda ya yi wasiyya, haka mutum shida da suke kwana ɗaki ɗaya da shi a kara. An samu ɗaya daga cikin abokan kwanan da tarin fuka, ya sha maganinsa wata shida cif, yanzu haka yana nan yana ɗaure shanu. In akwai mai tari a ɗakinku yau, gobe da safe ku raka shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu gama da kurmi lafiya.